Cif Festus Okotie-Eboh: Malamin da ya Bar Aji ya Riƙe Baitulmalin Ƙasa

Jawabin da ɗaya daga cikin malaman tarihi na wannan reshe ya gabatar a taronmu na ƙarshen zango. Mun buga shi kamar yadda ya karanta shi.



Da sakataren reshe ya nemi in yi magana yau, ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, sharaɗinsa guda shi ne kada in wuce rabin sa'a. Zan yi iyakar ƙoƙarina. Abin da na zaɓa ya samo asali ne daga tambayar da wata ɗaliba ta yi mini a zangon da ya wuce. Muna darasi a kan juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, na rubuta a allo sunayen shugabannin farar hula huɗu da aka kashe a wannan dare: Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Cif Samuel Akintola, da Cif Festus Okotie-Eboh. Na yi bayanin ukun farko dalla-dalla, da na zo kan na huɗu sai na ce ministan kuɗi ne, na wuce. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi wannan me ya yi aka haɗa da shi?" Na ba ta amsar da aka ba ni lokacin da nake ɗalibi, wato an ce yana karɓar kashi goma cikin ɗari na kowace kwangila. Ta rubuta a littafinta, ta gamsu. Ni ne ban gamsu ba, domin na lura na dunƙule rayuwar shekara 53 cikin jimla ɗaya, jimlar kuma ba tawa ba ce, ta waɗanda suka harbe shi ce.

Akwai dalili na biyu. Duk lokacin da zaɓe ya gabato ba ma rasa baƙi a ofishin nan. Attajirai masu neman kujerar majalisar tarayya sukan zo, wani da buhunan shinkafa, wani da alkawarin gyara mana rufin ɗakin taro, kowannensu kuma da magana iri ɗaya: da hannuna na tara dukiyata, ba yunwa ta kawo ni ba, wanda ya iya riƙe kamfani zai iya riƙe amanar jama'a. Maganar ba sabuwa ba ce. Nijeriya ta taɓa gwada ta tun kafin samun 'yancin kai, a kan mutumin da zan ba ku labarinsa.

An haife shi a 1912 a ƙasar Warri, yankin rafuka da fadamu da ke yamma da inda kogin Neja yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Sunan da ya tashi da shi Festus Samuel Edah, daga baya ya ɗauki sunan mahaifinsa, Okotie-Eboh. Mahaifin ɗan ƙabilar Itsekiri ne, mahaifiyar kuwa 'yar Urhobo. Ga wanda bai san yankin ba, Itsekiri mutanen ruwa ne da fatauci. Sun daɗe suna dillanci tsakanin jiragen Turawa da ke bakin teku da manoman cikin ƙasa, akasarinsu Urhobo, masu kawo manja. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Nana Olomu, wanda ƙarfinsa ya kai har sai da Turawan Ingila suka kai masa yaƙi a 1894 suka fitar da shi daga ƙasarsa. Yaron ya tashi ke nan a inda ake auna mutum da yawan kwale-kwalensa da abokan cinikinsa, kamar yadda a da can ake auna madugu da tsawon ayarinsa a hanyar Gwanja.

Ya yi karatu a makarantar mishan ta Baptist da ke Sapele, garin katako, inda ake turo manyan gungumen itatuwa ta ruwa daga daji ana loda su a jiragen Turai. Da ya gama ya ɗan taɓa aikin akawun haraji, sannan ya koma makarantar da ta yaye shi ya zama malami. Bai daɗe ba. A 1937 ya ajiye alli ya kama aikin akawu a kamfanin takalma na Bata.

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan mataki ba baƙonmu ba ne. Shekarun 1930 shekaru ne na karyewar tattalin arzikin duniya, malaman makarantun mishan kuwa, waɗanda dama albashinsu bai kai na takwarorinsu na gwamnati ba, su suka fi jin jiki. Wannan ƙunci yana cikin abin da ya haifi ƙungiyarmu ta NUT a 1931, ƙarƙashin shugabancin Rabaran I. O. Ransome-Kuti. Malamin da ya ga haka hanya biyu ce a gabansa: ko ya zauna ya haɗa kai da 'yan'uwansa su nemi gyara, ko ya nemi ƙofa ya fita. Okotie-Eboh ya ɗauki ta biyu. Ba na ganin laifinsa. Kowa a ɗakin nan zai iya lissafa abokan aiki biyar da suka koma banki ko kwastan ko kasuwa, kuma sau da yawa waɗanda suka fi iya lissafi ne suke fara tafiya.

A wancan lokaci Bata kamfani ne na ƙasar Cekoslobakiya, dattawan cikinmu kuma ba su manta takalminsa na 'yan makaranta ba. A can matashin ya duƙufa koyon aikin akanta, yana aiki yana karatu. Ya kai matsayin babban akawu a Legas, aka mai da shi Sapele a matsayin mataimakin manaja, a 1947 kuma kamfanin ya tura shi birnin Prag ƙarin horo, ya dawo da takardar shaidar sanin harkar kasuwanci da ta kula da lafiyar ƙafa. Amma abin da ya fi takardun nan amfani shi ne abin da idonsa ya gani cikin shekara goma: yadda kamfanin Turawa yake yin odar kaya, yadda yake karɓar bashin banki, yadda yake mu'amala da kamfanonin jiragen ruwa da ma'aikatan kwastan. 'Yan ƙasa kaɗan ne a lokacin aka bari suka leƙa wannan ɗaki.

Da ya bar Bata ya kafa nasa, sai ya zaɓi katako da roba, kuma zaɓin yana nuna irin basirarsa. A ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumomin sayen amfanin gona: ta koko a 1947, ta gyaɗa da ta auduga da ta manja a 1949. Duk ɗan ƙasar da ke cinikin waɗannan kaya, komai girmansa, wakilin hukuma ne kawai; ita take yanke farashi, ita take sayarwa a waje, shi ladan saye yake samu. Roba da katako ba su shiga wannan tarko ba. Wanda ya sayi roba daga manoman Urhobo da Benin, waɗanda ke tsaga jikin itacen su tari ƙaron, su daskarar da shi, su murza shi falle-falle, su busar da shi da hayaƙi, yana iya loda ta a jirgi da sunansa ya sayar a Turai ko Amurka a farashin kasuwar duniya. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a 1950 kuma ya sa farashin roba ya yi tashin gwauron zabo. Kamfaninsa, Afro-Nigerian Export and Import Company, a wannan kasuwa ya yi ƙarfi.

Sai dai bai rabu da makaranta ba, ya dai koma mata ta wata ƙofa. Shi da matarsa suka kafa makarantu a Sapele: Sapele Boys Academy, da Zik's College of Commerce, sannan wata sakandare a 1953. Yaran da ke gama firamare sun fi guraben sakandaren gwamnati da na mishan yawa nesa ba kusa ba, kamfanoni kuma suna neman masu buga tafireta da masu riƙe littafin lissafi. Ya ga buƙata, ya biya ta, aka biya shi. Yaran da ba don waɗannan makarantu ba da karatunsu ya tsaya sun samu hanya, wannan alheri ne da ba za a hana shi ba. Amma mu lura da sauyin wuri: wanda jiya yake layin karɓar albashi, yau shi ne mai makaranta, shi yake biya.

Sunan makarantarsa ta biyu ya riga ya nuna inda zuciyarsa take a siyasa. Da ƙarfafawar Dakta Nnamdi Azikiwe ya tsaya zaɓe a 1951 ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Yamma, domin a lokacin Warri da Sapele ƙarƙashin Ibadan suke. A 1954 ya zama ma'ajin jam'iyyar NCNC na ƙasa, a wannan shekarar kuma ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya daga Warri. Tsarin mulkin lokacin ya ba kowace jiha ministoci uku a Legas, jam'iyyar da ta fi kujeru a jihar ita ke ba da sunayensu. NCNC ta ba mutane mamaki ta rinjayi jam'iyyar Cif Awolowo a Yamma, don haka ta samu ministocin Gabas da na Yamma gaba ɗaya. Ta wannan hanya ya zama Ministan Ƙwadago a farkon 1955. A 1957, shekarar da Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, aka ba shi ma'aikatar kuɗi, wadda kafin nan Bature ne yake riƙe da ita, kuma bai bar wannan kujera ba sai ranar da ya bar duniya. Daga baya yana cikin manyan waɗanda suka tsaya har aka cire Jihar Yamma ta Tsakiya daga Jihar Yamma a 1963, bayan ƙuri'ar raba gardama.

Yanzu mu zo ga abin da ban gaya wa ɗalibata ba. Kafin zamaninsa Nijeriya ba ta da kuɗinta. Fam da sulen da kakanninmu suka kashe na wata hukuma ce mai mazauni a Landan, wadda aka kafa a 1912, shekarar da aka haife shi, tana buga kuɗi ɗaya domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Kowane fam da ke yawo a kasuwar Kurmi ko ta Onica akwai takwaransa na Ingila da aka ajiye a Landan, ma'ana ajiyar ƙasar nan tana can tana yi wa wasu aiki. Da 'yan majalisa suka fara neman babban banki a farkon shekarun 1950, masanin da aka aiko daga Bankin Ingila cewa ya yi lokaci bai yi ba. A zamanin Okotie-Eboh aka zartar da dokar Babban Bankin Nijeriya a 1958, bankin ya buɗe ƙofa ranar 1 ga Yuli, 1959, aka kuma fitar da fam na Nijeriya. Gwamnansa na farko Bature ne, Roy Fenton, amma a 1963 aka miƙa shi ga Alhaji Aliyu Mai-Bornu, mutumin Yola, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne kafin ya tafi Ingila ya karanta ilimin tattalin arziki. A wannan tsakani aka kafa kasuwar hannayen jari ta Legas, wadda ta fara ciniki a 1961, da kamfanin buga kuɗi na ƙasa a 1963.

Haka nan rancen farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya, dala miliyan 28 a 1958, a zamaninsa aka karɓo shi, da shi kuma aka ja layin dogo daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964. Kuɗin madatsar ruwa ta Kainji ma a zamaninsa aka nemo su. Ba shi kaɗai ya yi waɗannan ayyuka ba, akwai ƙwararrun ma'aikata a bayansa, 'yan ƙasa da baƙi. Amma zama da masu bankin Landan da Washinton a yi ciniki ido da ido yana buƙatar wanda ya san abin da ake nufi da ruwan bashi da wa'adin biya da jingina, kuma a majalisar ministocin da akasarinta malamai ne da lauyoyi da 'yan jarida, shi kam ya taɓa sayar da kaya a ƙetare da kuɗinsa. Idan attajirin da ya zo mana neman ƙuri'a ya ce kasuwa makaranta ce, to a wannan gaɓa gaskiya ya faɗa.

Mutum ne mai son a gan shi. Kowace shekara yakan raɗa wa kasafin kuɗinsa suna, kamar jariri. Ana yi masa kirari da Omimi-Ejo. Hotunansa da suka fi yawo su ne waɗanda yake sanye da malafa mai gashin tsuntsu, da murjani a wuya, da zane mai tsawon gaske yana jan ƙasa, wani yaro yana biye riƙe da bakinsa. A wurin Itsekiri wannan shigar manya ce, ba ta fi alkyabba da zagage zama abin mamaki a wurinmu ba. Amma leburan da ke tsaye a bakin titin Legas ba al'adar Itsekiri yake gani ba, yadi yake ƙirgawa, yana kwatanta shi da albashinsa.

Sai maganar takalmi, wadda ita ce zuciyar abin da na zo faɗa. A 1963, yana kan kujerar minista, ya buɗe masana'antar takalman roba da na kyalle a Sapele, mai suna Omimi. Ma'aikatar kuɗi kuwa ita ke tsara kuɗin fito, wato harajin da ake ɗora wa kayan da aka shigo da su daga waje, hukumar kwastan ma a ƙarƙashinta take. Zargin da aka yi ta yi masa, wanda marubuta tarihin Jamhuriya ta Farko suka yi ta maimaitawa, shi ne an ɗaga kuɗin fiton takalman waje domin nasa su samu kasuwa.

Ina so mu yi wa wannan zargi adalci, domin ya fi yadda ake ba da shi wuyar warwarewa. Kare masana'antun gida da kuɗin fito manufa ce ta gwamnatin gaba ɗaya, kuma kusan duk ƙasashen da suka samu 'yanci a lokacin ita suka bi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, wadda ta ciyar da dubban iyalai, a inuwar irin wannan kariya ta rayu. Da wani minista ne, wanda bai mallaki ko silifa ɗaya ta sayarwa ba, ya ɗora wa takalman waje haraji, da an ce kishin ƙasa ne. Mai yiwuwa shawarar daidai ce. Mai yiwuwa ma da ba shi da masana'anta haka zai yi. Matsalar ita ce babu wanda zai iya tabbatar da haka, har shi kansa, tun da hannun da ya sa wa dokar hannu shi ne hannun da zai ƙirga ribar. Uban da ya je sayen takalmin makaranta ya tarar ya ƙara tsada ba shi da hanyar sanin ko ƙasa ya taimaka wa ko minista. Daga ranar da wannan shakka ta shiga, duk wani abin kirki da ya fito daga ofishin sai an shinshina shi.

Ku ƙara da cewa shi ne ma'ajin jam'iyyarsa. Aljihu uku ke nan a riga ɗaya: nasa, da na NCNC, da na ƙasa. Jam'iyya tana buƙatar kuɗin yaƙin zaɓe, 'yan kwangila na gida da na waje suna buƙatar sa hannun ma'aikatar kuɗi, mutum ɗaya kuma yana zaune a mahaɗar hanyoyin. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, shi uku ya haɗa. Ba wai ƙasar ba ta san hanyar bincike ba. A 1956 kwamitin Foster-Sutton ya binciki alaƙar Azikiwe da bankin African Continental, a 1962 kuma kwamitin Coker ya binciki yadda kuɗin hukumomin Jihar Yamma suka zurara zuwa jam'iyyar Awolowo. Sai dai irin wannan bincike yakan faɗa ne a kan wanda ya saɓa da masu iko a lokacin. Okotie-Eboh kuwa, bayan zaɓen 1959 da ya haɗa NPC da NCNC a gwamnati ɗaya, yana cikin waɗanda ke riƙe da igiyar ƙawancen, kuma na hannun daman Firayim Minista ne. Har ya mutu ba a kafa masa irin wannan kwamiti ba, don haka ba a wanke shi ba, ba a kuma kama shi ba.

Darasin bai wuce a banza ba. Tsarin mulkin 1979 ya zo da ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, na 1999 da muke amfani da shi ya maimaita su a jadawalinsa na biyar. Ƙa'ida ta farko ta hana mai riƙe da muƙamin gwamnati sa kansa inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa. Wata ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Wata kuma ta wajabta bayyana kadarori ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka. A takarda dai an toshe ƙofar da Omimi ta bi. A aikace kuwa kun san yadda ake yi: a rubuta kamfanin da sunan mata ko ƙane, a ci gaba da amsa waya. Shi ya sa idan baƙonmu na gaba ya zo, ni tambayar da zan so reshe ya yi masa ba yawan dukiyarsa ba ce. A tambaye shi wace sana'a ce tasa, wane kwamitin majalisa yake so ya shiga, kuma me zai yi ranar da aka kawo dokar da ta taɓa sana'ar. Idan mai makarantun kuɗi ne yana neman kwamitin ilimi, a tambaye shi ƙarara: lalacewar makarantar gwamnati asara ce a wurinsa ko ciniki?

Kada kuma mu manta laifi tudu ne. Wannan jadawali ya lissafa ma'aikatan makarantun da gwamnati ta mallaka cikin waɗanda ƙa'idojin suka hau kansu. Malamin da ke rage ƙoƙari a aji da safe domin ɗalibai su biyo shi darasin kuɗi da yamma, ko shugaban makarantar da ya wajabta sayen littafin da shi ya buga, shi ma ya ɗora kuɗin fito ne a kan takalmin wani. Na san abin da ke kai mu ga haka, albashina nake karɓa kamar kowa. Amma siffar abin ɗaya ce, girman ne ya bambanta.

Shekarar da ta fi shafar mu a tarihinsa ita ce 1964. Bayan matsin lambar ƙungiyoyin ƙwadago, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Adeyinka Morgan ya duba albashin ƙananan ma'aikata. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a ƙarshen Afrilu, gwamnati ta yi shiru da shi. A farkon Yuni ma'aikata suka tsunduma yajin aikin gama-gari, irin su Michael Imoudu suna gaba, aka rufe tashoshin jiragen ruwa da na ƙasa da ofisoshi har kusan mako biyu. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce mutum wajen 800,000 ne suka ajiye aiki. Firayim Minista ya ba da wa'adin sa'a 48 a koma, ba a koma ba. Morgan ya ba da shawarar fam 12 a wata ga ƙaramin ma'aikaci a Legas, gwamnati ta ce ba ta da hali, a ƙarshe aka daidaita a kan fam 10. Ministan kuɗi yana sahun gaba na masu magana da yawun gwamnati a wannan ciniki, hujjarsa kuwa ita ce hujjar kowane ministan kuɗi: idan aka zuba kuɗin a albashi, da me za a gina madatsa da layin dogo? Hujjar ba wofi ba ce. Amma ba kowane baki take karɓuwa daga gare shi ba, kuma ma'aikata ba su ga alamar tsuke bakin aljihu a gidajen ministoci ba. A watan Oktoba na wannan shekara malamai suka shiga nasu yajin, wanda ya kai ga kafa majalisar sasantawa kan albashin malamai ƙarƙashin Mai Shari'a Adefarasin.

Wani abu da ya kamata ya rage mana alfahari shi ne, gwamnatocin da aka yi wa waɗannan yaje-yaje cike suke da tsofaffin malamai. Tafawa Ɓalewa malami ne, Sardauna malami ne, shi kansa ministan kuɗin ya taɓa riƙe alli. Wanda ya ce mana mu zaɓi namu kawai matsalarmu ta ƙare, ya koma ya karanta 1964.

Sauran labarin gajere ne. Zaɓen tarayya na Disambar 1964 ya zo da rigima da ƙaurace wa akwati, na Jihar Yamma a Oktoban 1965 ya zo da ƙone-ƙone. A daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas, kamar yadda suka ɗauke Firayim Minista. Da rana Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabi a gidan rediyon Kaduna, ya lissafa waɗanda ya kira maƙiyan ƙasa, a cikinsu har da masu neman cin hanci na kashi goma cikin ɗari. Daga nan amsar da na ba ɗalibata ta samo asali. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa da ta Tafawa Ɓalewa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta. In ban da Firayim Minista, shi kaɗai ne ministan tarayya da aka kashe. Waɗanda suka harbe shi ba su buɗe littafin lissafi ko ɗaya ba, ba su kira shaida ba, ba su ba shi damar cewa uffan ba. Tambayar takalman Omimi, wadda alƙali zai iya warwarewa cikin 'yan watanni da takardun kwastan a gabansa, suka binne ta tare da shi, suka kuma buɗe ƙofar da ƙasar ta bi ta shiga yaƙin basasa cikin shekara ɗaya da rabi.

Da na koma ajin nan a mako na gaba, na ce wa ɗalibai kowa ya fito da takardar kuɗin da ke aljihunsa, na ƙara da nawa, muka jera su a kan tebur. A naira 5 ga Tafawa Ɓalewa. A naira 10 ga Alvan Ikoku, wanda ya shugabanci ƙungiyarmu. A naira 200 ga Sardauna. A naira 1,000 ga Aliyu Mai-Bornu tare da Clement Isong. Malamai huɗu ke nan a kan kuɗin ƙasa. Na tambaye su ko sun ga ministan da aka fara buga kuɗin Nijeriya a zamaninsa. Suka jujjuya takardun gaba da baya, ba su same shi ba. Yarinyar da ta yi tambayar farko ta buɗe littafinta, ta nemi izinin ƙara wani abu a ƙarƙashin amsar da na ba ta, na ce ta bar shafi guda.

Shugaba, ina ganin na ɗan haura rabin sa'ar da aka ba ni, a gafarce ni.